Ɗantani Mai Aski da Ruwan da Ya Ƙi Nuna

"Ni fa ruwa ya san ni," in ji Ɗantani mai aski, yana kaɗa almakashi a saman kan Malam Haladu. "A bakin kogin Wudil aka yanke mini cibiya. Kifi in ya hango ni, rusunawa yake yi. Ku dai ba ni zuwa jajibirin Sallah, wallahi sai an riƙa cika mota daga Kano ana zuwa kallon shagon nan."

To ɗan'uwa, kafin ka gaskata, bari in gyara maka zancen. A Indabo aka haifi Ɗantani, a tsakiyar gonakin gero, kuma ruwan da ya fi sani a duniya shi ne na buta. Sau ɗaya ya taɓa shiga kwalekwale, a kwance aka fito da shi yana kiran sunan innarsa. Shi yana kiran kansa Injiniya, har ya sa an rubuta masa a jikin ƙofa. 'Yan unguwar Sabon Gari kuwa, in ya juya baya, Sarkin Ruwan Buta suke ce masa.

Abin da ya jawo cika bakin nan ba boyayye ba ne, yana tsallaken lungu. Wani matashi mai suna Mudassir ne ya buɗe shagon aski daidai saitin nasa, da sola, da fanka biyu, da talabijin mai nuna ƙwallo. Tun daga nan masu zuwa aski wurin Ɗantani suka fara tsallakawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma sai sun gaishe da Ɗantani tukuna, su tambaye shi iyali, sannan su wuce can su zauna a ƙarƙashin fanka. Wanda bai taɓa tsallakawa ba shi ne Malam Haladu, tsohon dillalin shanu a kara, wanda yake aski wurin Ɗantani tun yana da gashin da ya kai a aske.

Ga kuma yayansa Tasi'u a Indabo, mutum mara wasa, wanda shi ya kafa masa shagon. Ya aiko masa da saƙo ba kwana-kwana: in Babbar Sallah ta wuce shagon bai farfaɗo ba, to ya rufe ya dawo gida, ga gona tana neman hannu. Ɗantani kuwa babu abin da yake tsoro a duniya irin fartanya. Ko a kasuwa ya ga an baza su, sai ya sake hanya.

Ana cikin haka Allah ya kawo Dakta Joshua, mutumin Filato, malamin kiwon kifi a jami'a, wanda yakan tsaya gyaran gemu don tausayi. Ya ji kukan Ɗantani, ya ce yana da wani akwatin kifi na gilashi a ajiye, da ɗan injinsa mai hura iska da tace ruwa. In yana so ya ɗauka ya ƙawata shago, zai kuma ba shi 'yan kifaye masu launi, jajaye da masu ruwan zinariya. Ɗantani ya kusa yanke masa kunne don murna. Kafin la'asar an kawo akwatin a baro, an girke shi a kan tebur kusa da madubi, an zuba tsakuwa, an cika shi da ruwa.

"To Dakta, ranka ya daɗe, sai kifi," in ji Ɗantani yana murza hannu.

"Ba yanzu ba. Sai ruwan ya nuna."

"Ruwa kuma ya nuna? Mangwaro ne?"

Dakta ya yi dariya, ya gyara tabarau, ya shiga yi masa bayani a tsanake. Ya ce kifi a inda yake ci a nan yake kashi. A kogi ruwa yana tafiya da ƙazantar, amma a akwati ba ta da wurin zuwa, sai ta zama guba ta kashe shi. Maganin abin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya ganinsu, waɗanda suke zama a cikin soson da ke jikin injin, su riƙa cinye gubar. Su kuwa ba a rana ɗaya suke yaɗuwa ba. Sai an bar akwatin babu kifi, inji yana aiki, kullum a ɗan tsunkuli abincin kifi a jefa ya ruɓe, don ƙwayoyin su sami abin ci. A haka ruwan kan ɗauki wata guda ko fiye. Ya ce in ya ga ruwan ya ɗan yi hazo kada ya damu, kuma kome za a yi kada a wanke soson.

Ɗantani ya ɗaga ido sama ya yi lissafi, ya ga Sallah za ta riga ruwan nuna. Ya dafe kai. Dakta ya lura, ya ce akwai 'yar hanyar da ke rage jira. Zai yi tafiya gida, in ya dawo zai yanko masa guntun tsohon soso daga akwatinsa na gida, wanda ƙwayoyin suka riga suka cika.

"Kamar dai yadda Fulani suke sa ɗan tsohon nono a sabuwar madara ta yi saurin kamawa," in ji Dakta. "In na dawo na auna ruwan na ga ya yi, sai in kawo kifin. Kai dai tsunkule ɗaya kullum, ka yi haƙuri."

Cikin dukan bayanin nan, haƙurin ne bai shiga kunnen Ɗantani ba. Tun Dakta bai kai bakin titi ba ya ɗauki hoton akwatin ya watsa a waya, ya rubuta cewa ranar jajibiri za a buɗe gidan kifi na farko a tarihin askin ƙasar Wudil, kallo kyauta ga duk wanda ya zauna a kujera.

Kwanakin farko sun yi masa ɗaci. Ka dai san yadda abin yake: ƙato da gemunsa ya tsaya kowace safiya gaban ruwa tsura, ya yi bisimilla, ya jefa masa abinci. Masu wucewa suka fara tsayawa. In an tambaye shi me yake ciyarwa, sai ya ɗaga hanci ya ce halittu ne da ido ba ya gani, ilimin ya fi ƙarfin ɗan firamare. Wata tsohuwa ta ji haka ta tofa addu'a ta ƙara sauri, daga ranar ta hana jikokinta bi ta lungun. Shi kuwa Mudassir kullum da safe sai ya leƙo daga ƙofarsa cikin ladabi.

"Injiniya, barka da asuba. Ya mutanen cikin ruwa, sun tashi lafiya?"

Ɗantani ya riƙa haɗiye abin, amma yana cin sa a rai. Ruwa dai ga shi nan garau, ba ya motsi, ba ya nuna alamar ya san ana jiransa. Rannan yana zaune ya yi tagumi, sai ga Yelwa mai nono ta biyo lungun da ƙwarya a ka. Ya dube ta, ya dubi akwatin, ya sake dubanta. Nan take wata dabara ta faɗo masa, irin wadda in ta faɗo wa mai hankali yakan yi a'uziyya.

Ga yadda ya tsara abin a kansa. Dakta da bakinsa ya ce tsohon nono yana sa abu ya kama da wuri. Ƙwayoyi kuma ai ƙwayoyi ne, na nono da na soso duk 'yan gida ɗaya ne, tunda dukansu ido ba ya ganinsu. Batun "ɗan kaɗan" kuwa, wannan halin ɗan albashi ne, sun saba da auna komai da cokali. In ludayi ɗaya zai nunar da ruwa a mako, to ƙwarya guda kafin gobe an gama.

Ya kira Yelwa, ya ce kindirmon da ya fi tsami yake so, na shekaranjiya in da hali, kuma duka. Ta sauke tana murna. Da ta ga ya ɗaga ƙwaryar ya tuntsura ta cikin akwatin, sai ta riƙe haɓa tana kallon yadda farin yake bin ruwan.

"Maigida, a dama maka fura a ciki ne, ko haka za ka sha?"

Ya ce mata wannan kimiyya ce, ta je ta ji da shanunta. Ruwa ya yi fari fat, ko tsakuwar ba a gani. Ɗantani ya tuna Dakta ya ambaci hazo, sai ya hau rawa a tsakar shago. Ya sake ɗaukar hoto ya watsa, ya ce abin da ke ɗaukar masu digiri wata guda, shi ya gama shi kafin azahar.

Shagon Ɗantani rufin kwano ne, kuma lokacin damina tana ƙoƙarin sauka, zafi kamar a bakin murhu. Washegari da ya buɗe ƙofa, tsami ne ya fara yi masa sannu da zuwa. Guda-gudan nono suna yawo a saman ruwa, injin yana ta gyatsa. Wani ɗalibin jami'a da ya shigo aski ya tambaya ko akuya ce ta mutu a silin, sannan ya tuna wai ya bar wayarsa a caji, ya fita. Ta madubi Ɗantani ya ga inda wayar take, a shagon Mudassir.

Da wani ne, da sai ya tsaya a nan ya yi tunani. Injiniya kuwa cewa ya yi ƙwayoyin ne suka hayayyafa, yunwa take damunsu, shi ya sa suke wari. Wa zai ciyar da gari guda da tsunkule ɗaya? Ya tafi bakin gada wurin masu suyar kifi, ya roƙo kawuna da kayan ciki cike da leda. A hanya ya ƙara da daddawa, don a ganinsa babu mai rai da zai ƙi daddawa. Ya juye duka, ya ce musu su ci su ƙoshi, gidansu ne.

Kada ka so ka ji lungun nan bayan kwana biyu. Ƙudajen Wudil kaf suka yi ƙaura zuwa shagon, har da baƙi daga ƙauyen Ɗankaza. Mai shayin kusurwa ya ja teburinsa gaba. Masu zuwa masallaci suka koma zagayawa ta bayan layi. Malam Haladu ne kaɗai yake shigowa ya zauna hira kamar kullum, don mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kara, hancinsa ya ga duniya. Shi ma dai rannan ya ɗan yi gyaran murya ya ce, Ɗantani, anya mutanen nan naka suna da rai kuwa?

A gida, Ɗantani ya bi ta bayan fage ya tambayi matarsa Ikilima, wai in miya ta yi tsami da yawa me ake yi mata. Ta ce kanwa ake jefawa. Ta tambaye shi yaushe ya fara girki, ya ce mata sirrin sana'a ne. Da safe ta nemi kanwarta ta ɗanwake sama da ƙasa, babu ita babu dalilinta.

Yana zuba kanwar, akwatin ya amsa. Kumfa ta taso tana tsuwa, ta cika baki, ta gangaro kan tebur, ta bi ta kan kilifa da buroshi, ta sauka ƙasa ta nufi ƙofa. Ɗantani ya riƙa tare ta da tsintsiya yana salati. Mudassir ya leƙo ya tambaya ko a kawo gudummawar bokiti, Ɗantani ya ce masa gwaji ne, kuma ya yi daidai da yadda aka tsara.

Da kumfa ta lafa, abin da ya rage ya yi kama da ruwan wankin tukunya. A nan ne, in za a faɗi gaskiya, Ɗantani ya yi dabara ɗaya da ta yi aiki. Ya ɗauko alimun, farin dutsen nan da yake goga wa mutane bayan aski, wanda mata kan jefa a randa in ruwa ya yi laka. Ya daka duk wanda yake da shi ya zuba. Kafin la'asar dattin ya kwanta a ƙasa, kauri guda, saman kuwa ya yi garau. Ɗantani ya tsaya yana kallon ikon Allah da ikon kansa.

Sai idonsa ya kai kan soson inji. Ya yi baƙi-baƙi, ya yi yauƙi, abin ƙyama a shagon Injiniya. In ma akwai wata ƙwaya mai taurin rai da ta tsira daga nono da kanwa, to a nan take ɓoye. Ya ciro soson ya wanke shi tas da omo, ya jiƙa shi a bilic, ya shanya a rana. Warin da ya rage kuma ya bi shi da kwalbar humrar Ikilima, wadda ita ma aka wayi gari ba a gan ta ba. Shagon ya koma wari biyu, na mushe da na amarya.

Ana gobe jajibiri Dakta Joshua ya dawo, riƙe da guntun tsohon soso a cikin ledar ruwa kamar yadda ya yi alkawari. Tun daga bakin lungu ya fara rage sauri. Ya shigo, suka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, duk da hankici a hanci. Ɗantani ya nuna masa akwatin da hannu biyu, ya ce ya hutar da shi, ruwa ya nuna har ya kusa wuce gona da iri.

Dakta ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza. Yana da wani kati mai launuka, daga rawaya, wato lafiya lau, zuwa kore shar, wato guba tsantsa. Ruwan Ɗantani ya wuce rawaya a guje, ya ratsa kore bai tsaya ba, ya je ya tsaya a wani launi da babu shi a katin. Dakta ya juya katin ya duba bayansa, ko an ci gaba a can.

"Ɗantani, tsakaninka da Allah, me ka zuba?"

"Abin da ka ce ne, ranka ya daɗe. Nono."

"Ni na ce nono?"

"Da bakinka. Sai 'yan gyare-gyare da na ƙara daga nawa ilimin."

Ya jero masa gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, da alfahari, tun daga kan kifi har humra. Da ya zo kan wankin soso, Dakta ya cire tabarau ya zauna a benci. Sannan ya ce sai an zubar da ruwan nan, a nesa da gari, a wanke akwatin, a fara daga farko. Kifi kuwa sai bayan Sallah da makonni.

Nan fa cika baki ya ƙare. Ɗantani ya rage murya, ya ce Dakta ya dube shi da idon rahama, ya riga ya tara jama'a, gobe ce ranarsa ta ƙarshe, in ta kuɓuce sai gona. Ko guda biyu ne a ara masa, na yini ɗaya. Tsoro ne sosai a idonsa, kuma Dakta ya gani, ya ji tausayinsa har cikin rai. Amma ya girgiza kai.

"Kifin nan rai gare su. Ruwan nan ko yatsana ba zan tsoma ba."

Dakta na fita, Ɗantani ya share ido, ya dawo Injiniya. Ya gaya wa Malam Haladu cewa hassada ce kawai irin ta masu boko, sun ga ɗan gari ya riga su. Kuma ma wa yake son kifin Dakta, 'yan gayu, ragwaye, masu mutuwa in an yi musu tari? Kifi na gaske shi ne tarwaɗa, wadda take kwana a taɓo ta tashi garau. Wadda ta rayu a laka, ai ruwan Injiniya gidan hutu ne a wurinta.

Ranar jajibiri aka tashi da ruwan sama, ya jiƙa gari ya ɗauke. Da sassafe Ɗantani ya je bakin kogi wurin masunta, ya zaɓo tarwaɗa mai rai, baƙa, tsawon damtse, da gashin baki zara-zara har yana lanƙwasa. Ya kawo ta a bokiti a ɓoye, ya sulala ta cikin akwatin, ya yi maza ya lulluɓe da zanin Ikilima. Ya kunna turaren wuta a kusurwa huɗu, ya sa farar riga, ya tsaya a ƙofa.

Kuma ka ji abin mamaki, mutane suka zo. Jajibiri ce, kowa yana neman aski, ga kuma son ganin ƙwaƙwaf. Layin da ke ƙofar Mudassir ya fara zarewa, ana tsallakowa da ɗaya da biyu, har shagon Ɗantani ya cika ya batse, wasu suna leƙe ta taga. Mudassir da kansa ya fito ya tsaya, kilifa a hannu, babu kan da zai aske. Can cikin taron sai ga Yaya Tasi'u, ya kawo raguna kasuwa ya biyo ya ga abin da ake ta faɗa. Ɗantani ya ga yayansa yana ƙirga kawuna da ido yana gyaɗa kai, sai daɗi ya cika shi har ya ji ƙwalla. Rabonsa da ganin shagonsa haka tun kafin Mudassir ya sayi fanka.

Ya zaunar da Malam Haladu a kujera, a matsayin babban baƙo, ya ɗaura masa ƙyalle, ya aske masa gefe guda don a ga aiki ya kankama. Sannan ya ajiye kilifa ya yi jawabi. Ya yi bayanin ƙwayoyi, ya yi bayanin nunar ruwa, ya ce akwai malaman jami'a da suke zuwa ɗaukar darasi a wurinsa a asirce, ba zai kama suna ba. Daga ƙarƙashin zanin ana jin wani abu yana bugun gilashi, tim, tim. Ya ce kifin ne yake gaisuwa.

Ya kama bakin zanin ya fizge.

Ashe tun da safe tarwaɗar take ta birgima, ta tayar da duk abin da alimun ya kwantar. Babu ruwa garau, babu tsakuwa, babu kifi. Abin da ke cikin akwatin kunu ne, toka-toka, da kan kifi yana juyi a ciki. Warin da zanin ya tsare tun safe ya fito gaba ɗaya, ya ture turaren wuta gefe. 'Yan sahun gaba suka ja baya suka taka 'yan sahun baya. Sai ga gashin baki ya ɓullo a saman kunun, sai faffaɗan kai, sai ƙananan idanu biyu. Ta dubi jama'a, ta dubi Ɗantani.

Daga nan ta yi tsalle ɗaya, ta dira a cinyar Malam Haladu, ta sulale ƙasa.

Ka san tarwaɗa in ƙasa da danshi, tafiya take yi, tana dogara ƙayoyinta tana murguɗa jiki. Ta nufi ƙofa kai tsaye kamar wadda ta san hanya. Jama'a suka dare mata. Ɗantani ya daka tsalle ya cafke ta, ta zame. Ya sake cafka, ta soke shi da ƙaya a tafin hannu. A karo na uku santsin kunun da ta zubar ya kwashe shi, ya zauna daɓas a bakin ƙofa, farar riga ta tashi daga aiki.

Ita kuwa ba ta waiwaya ba. Ta sauka dakali, ta shiga lungu, ta ratsa taɓon ruwan safe, ɗan murguɗe, ɗan hutu, yara da manya suna biye da ita a hankali, har da masu ɗaukar bidiyo. Masu hankali sun ce kwatar da ke gefen can take nema, don nan ne gangare. Ni dai abin da aka gani shi zan faɗa: ta tsallaka lungun, ta je ta tsaya cak a bakin ƙofar Mudassir, ta ɗora haɓa a kan dakalinsa. Mudassir ya ɗauko baho da ruwa mai kyau ya sa ta a ciki, ta kwanta luf. Jama'ar da suka rako ta, tunda sun riga sun iso, sai suka ja layi.

Yaya Tasi'u ya tsallake ƙafafun ƙaninsa ya fita. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi motar da ta kawo raguna za ta koma Indabo ba kaya bayan Sallah, akwai wurin kujera da madubi, kuma gyaɗa ta isa noman fari.

Shago ya rage daga Ɗantani sai Malam Haladu, sai injin da ke ta gyatsa. Ɗantani ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki kilifa da hannun da bai kumbura ba.

"Baba Haladu, kai dai ka san ni. Zauna in ƙarasa maka."

Malam Haladu ya tashi tsaye, rabin kai a aske, ƙyalle a wuya. Ya lalubi takalmansa, ya dafa kafaɗar Ɗantani cikin tausayi.

"Ɗana, ba ƙin ka na yi ba. Amma dubi baiwar Allahn nan. Ga gashin baki har ƙirji, ga ta a cikin shagon aski, ba layi, ba ko sisi. Ta ga aikinka da idonta, ta zaɓi ta tafi can da rarrafe. To ni mai ƙafa biyu, wace hujja gare ni?"